Ƙarfen da Aka Dasa a Gonar Damare

Ɗan ƙanena ne ya kawo mini labarin. Ina zaune a zauren gidana na Rumde bayan la'asar, cikin zafin bazara irin na Jimeta, wanda mutum zai yi wanka ya fito yana neman wani wankan. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Bappa, Ticha ya dasa abu a gonarmu."

Gonar tana Damare, ƙetaren Binuwai, kuma ta mahaifinmu ce. Lokacin da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, mu kuma 'ya'yansa duk mun watse neman abinci, sai ya ba da aronta ga wani matashin malamin firamare, Kirista daga kudancin Adamawa, wanda aiki ya kawo Jimeta da mata da yara ƙanana. Wannan matashin shi ne Ticha. Yau furfura ta cinye kansa kamar yadda ta cinye nawa, ya daɗe da barin aiki, yana zaune a Demsawo da jikoki cike da gida, kuma daga gonar nan suke ci. Ni na yi shekaru ina yawon fataucin fata da ƙiraga, daga Garwa zuwa Njamena, daga nan Sudan, har Masar. Duk lokacin da na dawo gida, shi ne mutum na farko da ke zuwa yi mini sannu da zuwa. Shi ya zauna da mahaifina a asibiti ina can bakin teku ban sani ba.

Aron gona a wajenmu yana da ƙa'idar da ba wanda ya taɓa rubuta ta. Ka noma abin da ka ga dama, dawa ko masara ko gyaɗa, duk abin da za a girbe ya bar ƙasa fili. Amma ba ka haƙa rijiya, ba ka aza tubali, kuma ba ka dasa itace. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce, ko da bai buɗe baki ba. In mai aro yana son inuwa, mai gona ne zai zo ya dasa masa da hannunsa. Sannan kowace kaka mai aro yana kai wa mai gona dami ɗaya, ba don a ci ba, don dai a tuna. Na ga irin wannan a ƙauyukan Garwa, na gan shi a kudancin Chadi, bambancin ba shi da yawa. Ticha bai taɓa tsallake dami ba, ko a shekarar da ruwa ya cinye rabin gonar.

Saboda haka na ce wa yaron, wanda ba yaro ba ne, magidanci ne mai shagon walda, "Ticha ba zai dasa itace ba. Ka sake dubawa."

Ya ce, "Ya fi itace, Bappa. Ƙarfe ne, da siminti a gindinsa."

Washegari muka haye gada a motarsa. Tun daga nesa na hango abin. Dogon ƙarfe ne siriri, ya zarce hasumiyar masallaci tsawo, an ɗaure shi da wayoyi ta kowane gefe an kafe su a ƙasa. Can a samansa akwai wasu ƙananan abubuwa kamar ludaya, suna juyawa a hankali, su tsaya, su sake juyawa. Na san dangin abin. A Masar, in ka bi hanyar bakin Bahar Maliya a mota, za ka ga manyan fankoki farare a jere cikin hamada, ba gona ba gida, suna juyawa ba hutu. Na sake ganinsu a arewacin Jamus da na je wajen 'yata, shanu suna kiwo a ƙarƙashinsu ko ɗaga kai ba sa yi. Amma iskar waɗancan wurare ma'aikaciya ce, tana fitowa da safe ta wuni tana aiki. Tamu ta Yola ba ta san tsaka-tsaki ba. Ko ta ɗauke ɗif har ganye ya daina motsi, ko ta taso gaban hadari ta kwashe kwanon rabin unguwa ta tafi. Na tsaya ina kallon ludayan nan, na kasa gane abin da ya kawo su Damare.

Muna nan Ticha ya iso a kan tsohon babur ɗinsa. Ya cire hula, muka gaisa kamar kullum, ya tambayi idona, domin ban daɗe da dawowa daga aikin ido a Kano ba. Sannan na nuna masa ƙarfen da sandata.

Ya ce, "Alhaji, mutanen gwamnati ne. Sun zo da farin mota, da wani yarinya injiniya. Sun ce jiha yana so ya yi doka a kan wutan iska, amma sai an auna iskan tukuna." Hausar Ticha ta Jimeta ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Na gaya musu gonan aro ne. Suka ce ba komai, kusurwa kawai suke so, kuma ba zama ya zo yi ba."

Ɗan ƙanena ya ce, "Wanda ba zama ya zo yi ba, shi ake zuba wa siminti?"

"Kai, ɗana, gwamnati ya zo da abu a mota, ni zan ce a'a?"

"Ai ba ka ce a'a ba, Baba Ticha, i ka ce. Kuma ba bakinka ne ya kamata ya faɗa ba."

Ticha ya juyo wajena. "Na je Rumde, aka ce kana Kano an rufe maka ido. Da ka dawo kuma na ga abin ya riga ya tsaya, na ce me zan je in faɗa."

A hanyar komawa ɗan ƙanena ya fito da abin da ke ransa. Yana son a karɓe gonar kafin ruwan farko. Ba mugun mutum ba ne. Ya ga gonakin aro da suka tafi ba su dawo ba, kuma ya ce in gwamnati ta sake zuwa, wanda ta samu a gindin ƙarfen shi ta sani, mu ba ta san da mu ba. Ya ce 'yan'uwansa duk bakinsu ɗaya. Ni ne babba da ya rage, maganata ake jira. Har muka sauka daga gada ina tunanin buhunan masarar da ke shiga gidan Demsawo kowace shekara, da kuma shekarun Ticha, waɗanda ba na neman sabuwar gona ba ne.

Muka kai maganar gaban Jauro, mai unguwar da gonar take. Dattijo ne mai sanyin magana, da Fulatanci yake shari'a, in ya juya ga Ticha sai ya koma Hausa. Aka zauna a ƙofar gidansa, maƙwabtan gona suka taru.

Jauro ya ce, "Abin nan yana da saiwa?"

Ɗan ƙanena ya ce, "Allah ya ja da ranka, simintin shi ne saiwar."

Ticha ya ce, "Amma ba ya 'ya'ya, ba ya inuwa."

Jauro ya ce, "Darbejiya ma ba a cin 'ya'yanta, kuma itace ce."

Wani maƙwabci ya ce ai sandunan wuta sun ratsa gonaki da yawa a nan, ba wanda ya taɓa kiransu itace. Wani ya ce waɗancan ba a tambayi kowa ba aka kafa su, wannan kuwa an tambaya an amsa. Na uku ya ce shi dai tun da aka kafa abin nan kajinsa suka rage ƙwai. Aka yi dariya, Jauro bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai ka zaga duniya, kai ka ga irinsu. Ni tambayata ɗaya ce. Zama yake yi ko tafiya? In mai zama ne, itace ne, aro ya ƙare. In mai tafiya ne, rumfa ce, ba laifi."

Kowa ya zuba mini ido. Na yi ciniki da Faransanci, na yi rigima da 'yan kwastan da Larabci, na taɓa yi wa wani Bature tafinta a gaban alƙali, amma ban taɓa cin karo da tambaya irin wannan ba. Na ce a ba ni lokaci. Jauro ya ce in samo amsa kafin ruwan shuka, domin ƙasa ba ta jiran shari'a.

Da na ba uwargidana labari, ta ɗaga kai ta dubi fankar ɗakinta, wadda ta tsaya tun safe. Ta ce, "Tsaya in gane. Wannan wuta take ci ta ba ni iska. Waccan ta gona kuma iska za ta ci ta ba da wuta?"

Na ce haka ne.

Ta ce, "To a haɗa su aure mana, su riƙa ciyar da juna, mu mu huta."

Na fara yi mata bayani, na ga ni kaina ban gamsu da bayanin ba, sai na bari. Ta kuma gaya mini matar Ticha ta zo da rana, wai gaisuwa, ta zauna ta sha ruwa, ba ta ce komai a kan gona ba, sai da za ta tafi ta ambata cewa sun riga sun sayi iri.

Ba a jima ba na ji a rediyo cewa wani kwamitin 'yan majalisa zai zauna a Yola ya ji ra'ayin jama'a a kan dokar wutar nan. Na sa babbar riga na tafi, ina ganin can ne asalin maganar, can zan samo amsar Jauro.

Zauren ya cika. Da Turanci aka yi yawancin zaman, kuma ba kalmar da ta wuce ni, amma na fito kamar wanda ya saurari harshen da bai taɓa ji ba. Wani ɗan majalisa ya ce yanzu jihohi sun sami damar tsara dokar wutarsu, kuma bai kamata a bar iska tana wucewa a banza ba. Wani mutum daga kamfanin da ke raba wuta ya miƙe ya ce ba sa ƙin abin, amma wayoyin da wutar za ta bi nasu ne, kuma ranar da iska ta kwanta su jama'a za su nema, to a faɗa musu tun yanzu wa zai cike gurbin. Wani malamin jami'a ya ce rana ta fi iska yawa a ƙasar nan, a fara da ita. Wata hajiya mai sayar da kifin sanyi a kasuwar Jimeta ta ce ita ko daga tuƙa tuwo za a samo wutar, a samo, kifinta dai ya daina ruɓewa. Aka tafa mata. Kowa ya yi magana mai ma'ana, kuma kowace magana ta rushe wadda ta gabace ta. A Jamus na taɓa tambayar surukina wa ke da fankokin da muke gani, ya ce wasu na manoman ƙauyen ne da suka haɗa kai. A Masar direba ya ce mini duk na hukuma ne. A nan na ga ba a kai ga sanin mai fanka ba tukuna, ana kan sanin mai waya.

Da aka ba da dama na ɗaga hannu. Na ce ni tambayata ƙarama ce. Ƙarfen da aka kafa a Damare, zama ya zo yi ko tafiya? Na ƙara da cewa a wajenmu abin da ya zauna a gona itace ne, kuma itace yana da hukunci. Aka ɗan yi dariya, ba ta raini ba. Shugaban zaman ya ce injiniya ta amsa. Sai ga yarinyar da Ticha ya faɗa, ta zo har inda nake ta rusuna ta gaishe ni, ta koma Hausa.

Ta ce, "Baba, wancan awo kawai yake yi. In iskar wurin ba ta isa ba, za mu kwance shi mu tafi da shi, har simintin za mu fasa."

Na ji sanyi a raina. Na ce, "To mai tafiya ne."

Ta ce, "In kuma ta isa, aka gama dokar, aka daidaita da kamfani, to manya ne za su zo, irin waɗanda ka ce ka gani. Su kam zama suke yi, kuma za a buƙaci filin."

"To mai zama ne."

"Ya danganta da iska, Baba."

"Yaushe iskar za ta faɗa?"

"Sai ta zagayo shekara aƙalla. Wataƙila fiye."

Gaskiya ta gaya mini, ba ta rage komai ba. Na koma Rumde da ita a hannu, na rasa inda zan ajiye ta. In iska ta isa, Ticha ya dasa itace. In ba ta isa ba, bai dasa komai ba. Laifin mutum yana rataye a kan abin da bai faru ba tukuna, ga hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas kowane yammaci. Ɗan ƙanena yana zuwa kullum ya gaishe ni, ya zauna, ya dubi sama, ya dube ni.

Na sake komawa Damare ni kaɗai, na zauna ƙarƙashin darbejiyar da ke gefen gonar, inda ake ajiye tulu da abinci. Ita kaɗai ce itace a wurin. Ina zaune na tuna ranar da aka dasa ta, domin ina gida a lokacin. Matar Ticha tana da goyo, ba inda za ta kwantar da jariri in tana shuka. Ita ta samo dashen a gwangwani, Ticha ya haƙa ramin, ya ma saka shi a ciki. Mahaifina abin da ya yi kawai shi ne ya durƙusa, ya tura ƙasa da tafin hannunsa, ya danna, ya zuba ruwan butarsa. Daga ranar ba wanda ya taɓa cewa darbejiyar ta Ticha ce.

Na je wajen Jauro na ce, "Allah ya ja da ranka, na je har Yola, kuma ban san ko itace ba ne. Su ma ba su sani ba. Amma in itace ne, ni zan dasa shi."

Ya ce, "Alhaji, ai an riga an dasa."

Na tuna masa da darbejiya. Ya aika aka kira wasu tsofaffi biyu, suka yi ƙus-ƙus. Ɗayansu ya ce bai taɓa jin an dasa abu bayan ya girma ba. Ɗayan ya ce shi ma bai taɓa jin itacen da aka kawo a mota da girmansa ba, sabon abu dole a yi masa sabon hannu. Jauro ya ce a yi.

Muka taru a gindin ƙarfen da hantsi, da Jauro, da maƙwabta, da 'ya'yan ƙanena, da Ticha. Na durƙusa da gwiwoyin da suka daɗe da daina yi mini biyayya, na ɗebi ƙasa da hannu biyu na zuba a kan siminti, na danna ta. Aka miƙo mini buta na tsiyaya ruwa.

Ɗan ƙanena ya ce, "Bappa, ƙarfe kake ba ruwa?"

Na ce, "Kai ka ce yana da saiwa."

Mai kajin nan ya ce a riƙa zuwa ana yi masa ban-ruwa har ya kama. Wannan karon har Jauro ya yi murmushi, sannan ya ɗaga murya ya ce kowa ya shaida, abin da ke tsaye a gonar nan mai gona ne ya dasa shi, aro yana nan yadda yake, Ticha ya yi shukarsa. Na taɓa tsayawa a wuraren da manyan mutane suka aza harsashin gini da cokalin azurfa, ban taɓa jin kaina wani iri kamar ranar nan ba. Ban sani ba ko hikima na yi ko wauta.

Da aka ɗaga ni na nemi idon Ticha, ina tsammanin fara'a. Yana tsaye da hularsa a hannu yana kallon ƙasar da na danna. Ya ce, "Na gode, Alhaji," ya hau babur ya tafi. Sai a mota na fara gane abin. Na bar masa gonar, amma na tara jama'a na sake faɗa a gabansu cewa ba tasa ba ce, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a cikinta. Ko kuwa wani abu ne daban ya ɓata masa rai? Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Damina ta shiga ta fita bai taka Rumde ba.

Ɗan ƙanena kuwa ya gamsu, domin a ganinsa yanzu gwamnati ta san da mu. Ya koma mai son iska. Duk ranar da guguwa ta taso sai ya kira ni a waya ya ce, "Bappa, ka ji ta ko? Yau ludayan nan sun sha aiki." Yana lissafin wutar da za ta wadaci shagonsa. Uwargidana ta ji daga matar Ticha cewa su kuma a Demsawo in ganye ya motsa gabansu faɗuwa yake. Ɗaya yana roƙo ranar Juma'a, ɗayan ranar Lahadi, a kan iska ɗaya. Ni da na dasa abin da hannuna, in na ɗaga hannu ina addu'a sai in tsallake maganar iska.

Bayan girbi, wata ranar da yamma, na ji ƙarar tsohon babur a ƙofar gida. Ticha ne, da damin dawa ɗaure a baya. Ya sauke shi a zaure inda ya saba saukewa, ya cire hula. Na dubi damin, na ɗaga shi da hannu ɗaya.

Na ce, "Ticha, damin bana ya rame."

Ya ce, "Itacenka ne ya cinye wuri, Alhaji. Wayoyinsa kaɗai sun ci kunyoyin shuka nawa. Ka je ka tambaye shi sauran."

Na matsa masa a kan tabarma, ya zauna. Aka kawo shayi. Muka yi maganar idona, da jikarsa da ta shiga makarantar koyon jinya, da dokar da har yanzu rediyo ke cewa ana kan dubawa. Da ya shanye ya ajiye kofi, ya dubi mangwaron ƙofar gidana na ɗan lokaci.

Ya ce, "Kai da ka ga na ƙasashe, gaya mini gaskiya. Iskan bana, ya kai?"

Na dubi mangwaron ni ma. Ganyen sama yana ɗan kaɗawa, na ƙasa yana tsaye.

Na ce, "Ban sani ba, Ticha. Amma ka ajiye iri."